Ido na Kowa, Hannu na Ngo

Ruwan Agusta ya kwana yana dukan kwano,
da asuba ya gaji.
Muka bar Gangare kafin masu ƙosai su hura wuta,
mota har Bukuru, ƙafa har Du,
ni da baban yara, da Kamilu,
da Nuratu da bakinta ba ya hutu,
da kwandon aro,
da wuƙar da nake yanka albasa.

Ngo Kangyang na tsaye bakin shingen ƙerana.
Shekara tara ina sayen dankalinta a Kugiya,
ban taɓa sanin tana karanta ƙasa ba.
Ta dubi farin takalmin Kamilu, ta yi dariya,
ta ce, "Doka ɗaya ce a nan.
Ido na kowa ne, hannu nawa."

Gajimare ya sauko ya zauna kan duwatsu.
Raɓa ta jiƙe mu har gwiwa.
Mun wuce tsohon ramin kuza
mai ruwa shiru kamar ya haɗiye magana,
na damƙe hannun Nuratu har ta ce, "Umma, zafi."

Ita ce ta fara gani.
Fari sol a tsakiyar ciyawa,
faɗin faifai, da zobe a wuya
kamar wanda ya yi kwalliyar zuwa suna.
Ta ɗaga hannu, ta tuna, ta mayar baya.
Ngo ta kifar da shi da sanda,
sai ga cikinsa ya yi kore-kore.
Ta ce, "Laimar kwaɗi. Bar wa kwaɗo kayansa."

Baban yara ya gyara murya.
Wai ya ji an ce abin da ƙwaro ya ci,
mutum ma zai ci.
Ta ce, "Cikin katantanwa ba cikinka ba ne."
Ya ciro waya zai gwada hoto.
Ta ce, "Hoto yana da saiwa?"
Ya mayar aljihu, bai ƙara ba.

Sai can gindin wani suri
da uwarta ta nuna mata tun ba ta iya ɗaura zane ba,
ta durƙusa.
Ga su nan, masu tsinin kai, launin toka.
Ba ta fizga ba.
Ta bi da wuƙata a hankali
har doguwar saiwa ta fito daga ɗakin gara.
"Naman kaza ke nan. Gara ta noma, mu baƙi ne."
Ɗaya bayan ɗaya take juyawa,
ta duba kai, ta duba gindi, ta shinshina.
Biyu ta jefar, ba don ta san su ba,
don ba ta san su ba.
"Wanda zuciya ta ce masa anya,
ƙasa ce mai shi."
Ta bar ƙanana a inda suke.

Za mu juya ta tare hanya:
"Kowa ya zazzage aljihu."
Kamilu ya sunkuyar da kai,
wani ɗan rawaya ya faɗo a marmashe.
Ba ta yi faɗa ba. Sabulu ta miƙa masa,
ta tsaya har ya wanke tsakanin yatsu.

A gida na dafa har ya dahu, na ƙara dafawa,
cikin miyar gyaɗa, da tuwon acca.
Ɗanye guda na naɗe a takarda na ɗora kan kanta,
ko da za a nemi gani a asibiti.
Mu manya muka ɗanɗana kaɗan.
Yara suka ci da kuka, suna harararmu,
nasu sai gobe.

Daren nan ban yi barcin kirki ba,
ina sauraron cikina,
ina sauraron minsharinsa.

Da safe na tarar da littafin Nuratu a buɗe.
Ba wanda muka ci ta zana ba.
Farin nan ne, da zobensa,
ta cika cikinsa da koren fenti,
ta rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe:
NA KWAƊO NE.